Ranar da Na Ji Warin Majema a Yamai

Tun da muka dawo daga Yamai, babban birnin Nijar, ban huta da tambaya ba. In na zauna a ƙofar gida tambaya, in na shiga kasuwa tambaya, har a wurin zaman makoki sai da wani ya matso ya raɗa mini wai da gaske ne burodin can ya kai tsawon sanda. Na kuma lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Jiya na ji ana cewa wai kada ya kore ni a bakin kogin Kwara. Shi ya sa na zauna na rubuta abin sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Sunana Mamman, majemi ne ni a Talatar Mafara. Majemarmu tana bayan gari a bakin gulbi tun zamanin kakana, gida goma sha ɗaya ke ci daga cikinta. A da, duk abin da muka zubar, ruwan toka ne, gashin awaki ne, ruwan kashin tattabara ne, tsakin bagaruwa ne, sai ya kwanta a gaɓa har damina, ambaliya ta zo ta share shi. Da Turawan Italiya suka datse ruwa a Bakolori, ambaliya ta daina zuwa yadda muka santa. Gulbi ya koma siriri, sai abin da aka sako masa. Dattinmu ya zauna yana tsiyaya a hankali, yana gangarawa Bakura.

Mutanen Bakura suka kai ƙara. Wanda ya jagoranci ƙarar kuwa ba kowa ba ne illa Bawa masunci, ɗan gwaggota, taubashina da muka tashi muna zagin juna tun muna tsirara. Bayan ƙarar sai ga Malam Umaru, wani mutumin Maradun da ke aiki a ofishin tsara gari, ya zo da takarda mai faɗi kamar tabarma. Ya ce an yi sabon tsari na bakin gulbi, kuma a cikin tsarin babu majema. Za a mai da mu can kan tudu, inda ko rijiya ba ta ruwa sai an yi gaba ashirin. Majemi ba ruwa, ai an ce masa ya bar sana'a ke nan. Na yi masifa har muryata ta dushe, na ce ruwanmu bai taɓa kashe ko kwaɗo ba.

Malam Umaru mutum ne mai sanyin hali. Ya bari na gama, sannan ya ce ya ji daga fataken fata cewa a Yamai akwai majema a bakin babban kogi, cikin birni, kuma hukuma ta bar su. Ya roƙi maigidansa a ofis, aka ba shi izni ya je ya gano yadda suke yi. In akwai dabara, a gwada a nan. In babu, mu tattara mu hau tudu kafin damina. Mutanen Bakura suka ce ba za su yarda da idon majemi ko na ma'aikaci ba, sai nasu ya gani. Suka zaɓi Bawa, namu kuma suka ce ni zan je. Haka aka yi na sami kaina a mota ɗaya da mutumin da ke neman tashina.

Mun tashi da hantsi a wata a-kori-kura mai zuwa Sakkwato. Na sa babbar rigata ta salla, na ɗauko jar fata guda biyu masu kyau don tsaraba. Sai kuma na yi wata dabara da nake ganin hikima ce: na naɗe fatun akuya biyu da ban gama jima ba, jiƙaƙƙu, na cusa a buhu, don in nuna wa majeman Yamai irin hannunmu tun daga tsakiyar aiki. Ba mu kai Tureta ba na ga mutane suna ta matsawa gaba, har na sami wurin miƙe ƙafa. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska har ido. Na ce a raina mutanen nan akwai ladabi.

Bawa ya leƙo daga can ƙarshen benci, hannunsa a hanci. "Mamman, don girman Allah mi ka aje cikin buhun ga? Ko kakanka na kat tono za ka kai shi yawon buɗe ido?"

"Hwata ta," na ce masa. "Kai da ka kwana cikin ƙarnin kihi, har kana da bakin magana?"

Na sunkuya na shinshina buhun. Wallahi ban ji komai ba.

A Sakkwato muka canza mota zuwa Illela, bakin iyaka. Can aka ce sai kowa ya nuna katin rigakafi. Ni da Malam Umaru muna da shi, Bawa babu, don haka aka ce a yi masa lamba nan take. Mutumin da ƙugiya ta sha shiga yatsansa yana cirewa da haƙori, da ya ga allura sai ya fara salati yana neman ƙofa. Sai da na riƙe masa kafaɗu, kuma ban ɓoye jin daɗina ba.

A ɓangaren Nijar, ma'aikatan kwastan, waɗanda can ake ce wa duwan, suka sa kowa ya sauke kaya. Sun zazzage jakar Malam Umaru har da buroshin haƙori, sun warware takardar tsarinsa suna juya ta sama da ƙasa. Da aka zo kaina, wani dogo mai gajeren wando ya kwance bakin buhu, ya ja baya taki uku, ya yi wata magana da Faransanci wadda ko ba tafinta na san ba addu'a ba ce. Ya yi mini nuni da hannu in wuce. Ni kaɗai ne a motar ba a bincika ba, na kuwa yi ta yi wa abokan tafiyata gori har Birnin Ƙonni.

A Ƙonni muka sauka gidan wata Hajiya Ta-Allah, mai saukar da fatake. Mace ce mai jiki da murya, ba ta san kwana-kwana ba. Ta amsa gaisuwarmu tsaf, ta tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, sannan ta dube ni.

"Kai na majemin? To buhun ga ba shi kwana gidana. A rataye shi bisa icce can bayan gari, in kun komo ka ɗauka, in angulu sun rage maka. Rigag ga kuma tuɓe ta."

Ta ba ni sabulu mai ƙamshin lemo da ruwa bokiti biyu, ta sa aka wanke duk tufafina aka turara su. Ta ara mini rigar marigayi mijinta, wadda ta tsaya mini a gwiwa. Na ji haushi sosai, amma da aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu sai haushin ya bi ruwa. Hausarsu irin tamu ce, abincinsu irin namu, har na fara cewa ashe ba mu je ko'ina ba. Da safe aka kawo burodin nan da kuke tambaya. E, gaskiya ne, ya kai tsawon hannu har kafaɗa, bayansa tauri cikinsa iska. Bawa ya gatsa, ya taɓa haƙorinsa ya ji ko yana nan, sannan ya tsoma sauran a ruwan shayi ya jira ya yi laushi.

Daga Ƙonni zuwa Yamai tafiya ce mai tsawo, kuma abin da ya ƙara mata tsawo shi ne jandarmomi. Kowane bakin gari akwai ganga biyu da sanda a gicciye. Sai kowa ya sauka, a karɓi takardu, a shiga rumfa, a riƙa kiran suna ɗaya ɗaya kamar ranar rabon gado. A Dogon Dutsi an yi, a Doso an yi. Ba sa tsawa, ba sa sauri, kuma ba ka isa ka sa su sauri ba. A Doso motar ta lalace, muka kwana biyu a gidan wani mai gyaran keke ɗan Argungu, wanda ya ƙi sakinmu sai da muka ba shi labarin dam ɗin Bakolori tun daga farko. Bayan Doso direba ya taka burki ba zato, muka ga raƙuman dawa uku suna tsallaka titi a natse. Malam Umaru, mai ilimin boko, shi ya fi kowa ihu.

Mun shiga Yamai ana kiran azahar, muka nufi ofishin da aka rubuta wa Malam Umaru a takarda. A rufe. Na kusa da shi a rufe. Kantuna a rufe. Na tsorata, na ce ko wani babba ne ya rasu. Wani mai gadi da ke kwance a inuwa ya buɗe ido ɗaya ya gaya mana cewa haka ake yi kullum: rana ta take, kowa ya tafi gida ya ci ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo. Na ce wa Malam Umaru in dai tsari ake nema a kai gida, ga na farko nan. Muka zauna gindin wata bishiya muka sayi kwaɗon zogale wurin wata Bazabarma. Ba ta jin Hausa, ba ma jin Zabarmanci, amma ta ga yadda Bawa ke lashe yatsu ta ƙara masa cokali biyu.

Kafin a buɗe ofis muka taka zuwa gada don mu ga kogin. Nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba, wato Bawa ya yi shiru. Ya dafa ƙarfen gada yana kallon ruwa, ga jirage, ga masunta suna jefa ragar birgi, ruwa har inda ido ya tsaya. Ya daɗe, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Haka namu yake da, in damana ta yi. Yanzu ɗiyana na tsallake shi ba su tuɓe wando ba." Tausayinsa ya kama ni, kuma ban so hakan ba, don na fi jin daɗin faɗa da shi.

Washegari da safe wani ma'aikacin ofishin ya raka mu majema. Kwana huɗu ke nan rabona da fata, ina cikin wankakkun tufafi masu ƙamshin turaren Hajiya. Muna tafe muna hira, muka sha wata kwana, sai wani abu ya doke ni a fuska. Na tsaya cik. Idanuna suka kawo ruwa, na toshe hanci da hannun riga.

"Subhanallahi! Mi am mutu nan?"

Bawa da Malam Umaru suka dubi juna. Sai Bawa ya zauna a ƙasa daɓas, ya riƙe ciki, yana dariya har da hawaye.

"Majema ta, Mamman! Gidanku na! Wagga ko rabin taku ba ta kai ba!"

Shekara arba'in da 'yan kai ina cikin wannan abu, ban taɓa jin sa ba sai ranar. Na tuna tsohuwar cikin mota, na tuna matan Bakura da ke ɗibar ruwa a ƙasa da mu, na tuna irin rantsuwar da na yi a gaban Malam Umaru. Kunya ta rufe ni. Daga baya kuma ni ma dariyar ta kama ni, muka yi ta yi kamar mahaukata, ma'aikacin nan yana kallonmu bai san dalili ba.

Shugaban majeman wani dattijo ne, Baba Hamidu, wanda kakanninsa suka zo daga Gobir. Muka durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Mafara da Bakura da Maradun ɗaya bayan ɗaya kamar yana da dangi a kowanne. Na miƙa masa jar fatar da na kawo. Ya murza ta, ya ja, ya kai kunne ya saurari kukanta, ya ce, "Hannun ga ya san bagaruwa." Ban taɓa jin yabon da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Ya ce su ma an taɓa zuwa tashinsu, lokacin da birni ya matso aka fara gine-gine a bakin kogi. Abin da ya cece su shi ne sun yarda sun ja baya. Ya zaga da mu ya nuna mana. Gaɓar ruwa an bar wa masu lambu da itatuwa. Majema tana bayansu. Fata ba ta taɓa kogi ko sau ɗaya, ruwa ake ɗaukowa a kawo mata. Ruwan da aka gama aiki da shi kuma yana bin wata 'yar kwata zuwa rami na farko, inda gashi da laka ke kwantawa. Daga nan ya tsiyaya ta cikin yashi da gawayi zuwa na biyu, ya sake tsiyaya zuwa na uku. Lakar ramin farko masu lambu ke rububinta don taki. Malam Umaru yana ta zane a littafinsa, yana auna ramuka da taku, bakinsa har kunne.

A rami na uku Baba Hamidu ya tsaya yana murmushi. Ya ce ga shaidarsa: kifi yake sakawa a ciki, in mai duba tsabta ya zo ya ga kifi na yawo, sai ya sa hannu ya tafi. Bawa ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya lalubo ɗaya ya ɗaga. Tarwaɗa ce, baƙa, mai gashin baki.

"Baba, ka yi mani gahwara," in ji shi, "amma wanga ba shaida ba na. Tarwaɗa ko cikin masai kas saka ta, da ƙiba za ta hito. In ana son a san gaskiyar ruwa, kawara aka sakawa. Ita ko ruwa ya ɓaci kaɗan, sai ta juya ciki sama."

Na ce a raina shi ke nan, ɗan banzan nan ya zagi dattijo a gidansa, kuma ya rushe mini dabarar da na zo nema. Amma Baba Hamidu ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce shekara da shekaru mai duba tsabta na zuwa da takalmi da alƙalami, ba wanda ya taɓa gaya masa haka. Ya ce a gwada, shi ma yana son ya sani.

Bawa ya gangara wurin masuntan Zabarmawa. Ban san da wane yare suka yi magana ba, na dai hango ana ta nuni da hannu ana tafawa. Ya dawo da ƙwarya cike da ruwa, da kawara bakwai ƙanana masu walƙiya, ya juye su a rami na uku. Muka kwana biyu muna jira. A kwanakin nan an kai mu gidan suna, an ba mu shayin Buzaye kofi uku a jere, na fari ɗaci kamar maɗaci, an kuma koya mini wani salon karta fata da ban sani ba. Amma hankalina yana kan ramin nan. Rana ta uku da hantsi muka je. Bawa ya durƙusa ya daɗe yana leƙe, yana motsa leɓe.

"Bakwai," ya ce. "Duk suna nan."

Na rungume shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Ya ce in sake shi, wai har yanzu ina ɗan wari.

Komowa ba ta yi mana tsawo ba. A Ƙonni na je neman buhuna, na tarar Hajiya ta sa an binne shi, na kuma yi mata godiya da zuciya ɗaya. Muna isa gida Malam Umaru ya kai rahoto, aka ba mu wata guda mu gwada. Ya zo da igiyar awo ya ja mana layi, taki sittin daga bakin ruwa. Duk gidajen nan goma sha ɗaya muka fito muka haƙa ramuka uku, muka zuba yashi da gawayi yadda muka gani.

Bawa ya kawo kawara daga Bakura a cikin tulu, a bayan keke. Kafin azahar duk sun juya ciki sama. Na zauna a bakin ramin, ga kwanaki suna tafiya. Na ɗauka Bawa zai yi mini dariya, ko ya hau kekensa ya kai labari. Sai ya tuɓe riga ya ce yashinmu ya yi laushi da yawa, ruwa na ratsa gefe yana wucewa, a samo mai tsakuwa, a ƙara rami na huɗu. Kwana shida yana haƙa tare da mu, yana zagina ina zaginsa. Sannan ya sake kawo wasu bakwai.

Ranar da maigidan Malam Umaru ya zo dubawa, mutanen Bakura sun zo da yawa, namu ma duk sun fito. Kifin ya kwana huɗu a rami. Babban ma'aikacin ya leƙa, ya ce shi bai san kifi ba, mai ƙara ya yi magana. Bawa ya durƙusa ya ƙirga a bayyane, ɗaya bayan ɗaya, har bakwai. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya juya wajen mutanensa.

"Ni nik kai ƙara, ni ka janye ta. Ruwan ga ba shi cuta muna. A bar su nan."

Matanmu suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa sai na kama hannun Bawa na riƙe.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya mana, mu cike tsoffin ramukan jima na bakin gaɓa a ba masu lambu wurin. Ramin kakana ni na cike shi da hannuna, ban bar kowa ya taya ni ba, kuma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Washegari da sassafe na ɗauki tulu na gangara gulbi, na ciko shi, na ɗora a ka, na hawo taki sittin ɗin nan zuwa sabon wuri. Na juye ruwan a kwatarniya, na yi bisimilla, na jiƙa fatun farko.